Jagora Ga Masu Zaman Bitar Ƙagaggen Labari

Duk wanda ya bi tarihin ƙagaggen labari na Hausa tun daga tushensa, zai tarar cewa wannan fanni da zama tare ya fara, domin kuwa a shekarar 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sai da shugabanta Rupert East ya bi garuruwan Arewa yana ganawa da malamai, yana bayyana musu irin rubutun da ake nema, sa'an nan da rubuce-rubucen suka iso hannunsa ya bi su da gyara, har ma na ƙarshe cikin littattafan da muka ambata ya fito da sunansa tare da na John Tafida. A shekarar 1936 kuma aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Midil ta Katsina inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya, ya yi watanni yana rubuta Magana Jari Ce, yana rubutu ana dubawa, yana gyara ana sake dubawa. Haka nan a ƙarshen shekarun 1980, da marubutan Kano suka ga kamfanonin ɗab'i sun juya musu baya, sai suka haɗa kansu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke cikin jagororinta, suka riƙa tallafa wa juna wajen fitar da littattafai.

A yau marubuta sun yawaita, alhamdu lillahi, kuma mata sun yi rinjaye a cikinsu, amma abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai duba rubutu kafin ya fita, tun da yarinya tana iya rubuta babi a wayarta bayan sallar isha'i, kafin asuba ya isa hannun ɗaruruwan masu karatu, ba wanda ya tsaya tsakani ya ce mata nan kin yi daidai, nan kuwa kin yi sake. Wannan giɓi ne zaman bita yake cikewa, kuma maƙasudin wannan jagora shi ne bayyana yadda ake kafa shi, da yadda ake gudanar da shi, musamman ta fuskar gina taurarin labari, wanda a ganina nan ne mafi yawan littattafanmu suke samun rauni.

Farkon abin da ya kamata a gane shi ne zaman bita ya bambanta da taron lacca, inda masani zai hau mumbari ya yi sa'a biyu yana bayanin jigo da salo da zubi da tsari, mutane su tafa, a raba takardar shaida a watse, kowa ya koma gida da rubutunsa yadda ya zo da shi. Zaman bita ya fi kama da makarantar zaure, inda ɗalibi yake buɗe littafinsa ya ja baƙi da bakinsa, malam yana saurare, sauran ɗalibai suna saurare, duk inda ya yi tuntuɓe a tsayar da shi a gyara, kuma kowa ya amfana da gyaran da aka yi wa ɗan'uwansa. Saboda haka sharaɗin shiga shi ne mutum ya zo da rubutunsa, ko da shafi goma ne. Wanda bai rubuta kome ba tukuna, sai ya jira har ya rubuta.

Yawan mahalarta kada ya gaza shida, kada kuma ya wuce goma sha biyu, don in sun yi kaɗan ra'ayi ba zai bambanta ba, in kuwa sun yi yawa wasu za su yi wata uku ba a kai ga rubutunsu ba, gwiwarsu ta yi sanyi. A zaɓi wuri na mutunci wanda kowa zai iya zuwa ba tare da tsegumi ba, kamar ajin makaranta ko ɗakin karatu na gari, a kuma sa lokaci da hantsi ranar Asabar ko Lahadi, yadda matan aure za su halarta su koma gida kafin azahar. A kowane zama a ɗauki rubutun mutum biyu kawai, kowanne shafi goma zuwa goma sha biyar, a raba wa mahalarta tun mako guda kafin ranar, domin kowa ya karanta sau biyu, na farko don jin daɗi kamar kowane mai karatu, na biyu da alƙalami a hannu.

In an zauna, mai rubutun zai karanta shafi ɗaya da ƙarfi, don a ji muryar labarin daga bakin mai shi, sa'an nan ya yi shiru, kuma wannan shirun shi ne ginshiƙin al'amarin duka. An san wannan ƙa'ida da zaman marubuta na Jami'ar Ayowa ta Amurka, wanda aka kafa a 1936, hikimarta kuwa a bayyane take: marubuci ba zai bi littafinsa gida gida yana yi wa masu karatu sharhin abin da yake nufi ba, saboda haka abin da bai fito a takarda ba, to babu shi, kome kyawunsa a cikin zuciyar mai shi. Idan aka bar shi yana kare kansa, zaman zai rikiɗe ya zama mujadala, marubucin ya tashi da nasarar gardama, rubutunsa kuwa yana nan da cutarsa.

Akwai wani ladabi da ya kamata mu ƙara saboda yanayin tarbiyyarmu, shi ne a fara jin ta bakin mafi ƙanƙantar shekaru, a bi da bi har a kai ga manya, jagoran zama ya zama shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa, a wurinmu in babba ya riga ya yanke hukunci, yaro ba zai buɗe baki ya saɓa masa ba, sai dai ya ce abin da Malam ya faɗa shi ne daidai, alhali sau da yawa yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta fi dattijo sanin ko budurwar da ke cikin labarin tana magana irin ta 'yan matan yanzu. Zagaye na farko kowa ya faɗi abin da ya fahimta kurum: wane ne wannan mutum, me yake nema, me ya tsare masa hanya. Zagaye na biyu kowa ya nuna shafi da layin da ya gaskata labarin, da inda ya daina gaskatawa. Daga nan sai a ba marubuci dama ya yi tambaya, tambaya kawai, ban da hujja. Rubutun da aka kawo amana ne, ba a nuna wa na waje, ba a kuma ɗaukar dabarar wani a kai cikin nasa littafin, kuma ana sukar abin da ke takarda ne, mutuncin mai shi yana nan a tsare.

Yanzu sai mu zo ga taurari, inda ya kamata a fi daɗewa. Cutar da ta fi yaɗuwa a rubuce-rubucen masu tasowa ita ce, da zarar an shigo da tauraruwa sai a tsayar da labari cak, a yi shafi biyu ana siffanta ta: fara ce sol, doguwa, mai dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya, shi kuwa saurayin ɗan hamshaƙin attajiri ne, ya yi karatu a Ingila, motocinsa ba su ƙirguwa, ga addini ga ladabi. Bayan duk wannan wahala, in ka rufe littafin aka tambaye ka me wannan yarinya za ta yi in ta tsinci kuɗin maƙwabciyarta a ranar da babu abinci a gidansu, ba za ka iya ba da amsa ba, domin an nuna maka zahirinta an ɓoye maka baɗininta, ko kuma shi marubucin kansa bai san shi ba. Darasi na farko, wanda shi ne maganin wannan cuta, shi ne jagora ya hana siffanta fuska da dukiya baki ɗaya a makonni huɗu na farko, ya sa kowa ya amsa tambaya uku game da babban tauraronsa, a rubuce, cikin jimla ɗaya ɗaya: mene ne muradinsa wanda in bai samu ba ba zai yi barci ba, wane ne ko mene ne ya hana shi, kuma me zai yi hasara in ya nace.

A duba littattafan da suka daɗe a zukatan mutane, za a ga duk sun amsa waɗannan tambayoyi. Mahaifiyar Umar a cikin Shaihu Umar muradinta ɗaya ne, ta ga ɗanta, kuma saboda shi ta bar gida ta shiga duniya har ta faɗa cikin bauta. Abubakar na Jiki Magayi an raba shi da Zainab saboda dukiyar Malam Shehu, sai ya sallama shekarun rayuwarsa ga neman fansa, har wanda aka zalunta ya wayi gari shi ne mai zalunci, mai karatu ya rasa inda zai ajiye tausayinsa. Rabi ta Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990, an kore ta daga gidan miji da 'ya'ya tara, abin da ya sa muka san ta kuwa shi ne yadda ta tashi ta kama sana'ar sayar da abinci don ta riƙe su. Ya dace kowane zaman bita ya keɓe mako guda a wata don nazarin littafi ɗaya irin waɗannan, a bi tauraro guda daga farko zuwa ƙarshe, a lissafa wuraren da aka tilasta masa zaɓi tsakanin abu biyu da yake ƙauna, domin a irin wannan matsatsi ne ɗabi'ar ɗan Adam take fitowa fili.

Darasi na biyu shi ne mayar da hukunci ya zama aiki. A ce wani ya kawo rubutu mai cewa, Alhaji Sambo mutum ne mai tsananin rowa, ba ya taimakon kowa ko da ɗan'uwansa ne. Wannan shaida ce ta marubuci, mai karatu kuwa bai ga kome da idonsa ba. Sai jagora ya ce a soke jimlar, a ba kowa minti ashirin ya rubuta fage ɗaya wanda kalmar rowa ba za ta fito a cikinsa ba. Mai basira zai iya kawo Hajara, ƙanwar Alhaji, daga ƙauye, ta same shi a rumfarsa ta kasuwa da takardar asibiti a ƙulle a bakin mayafi. Ya tarbe ta da fara'a, ya sa yaro ya kawo mata ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance takardar ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce, "Yaya, likita ya ce sai an yi wa yaron aiki kafin mako ya zagayo." Ya karanta, ya juya bayanta ko da wani rubutu, ya sake karantawa, ya ninke ta daidai yadda take, ya ce, "Ikon Allah! Ai Hajara ba a gaggawa da wuƙa. Ki fara gwada jiƙo tukuna, mu ga abin da Allah zai yi." Sa'an nan ya juya mata baya, ya ciro kuɗi daga aljihun ciki, ya ƙirga kuɗin motar komawa daidai ba ƙarin sisi, ya ce ta gai da gida. In marubucin ya ƙara da cewa bayan tafiyarta an kawo wa Alhaji abincin rana ya buɗe kwano ya rufe, ya kasa kai loma, to ya ba mu mutum sosai, wanda rowa ta fi ƙarfinsa alhali ya san abin da ya aikata, kuma irin wannan ne mai karatu zai so ya bi har ƙarshen littafi don ya ga ko zai kuɓuta daga halinsa.

Darasi na uku na magana ne, kuma a nan Allah Ya hore wa marubucin Hausa wata dukiya da sau da yawa yake tsallakewa. Al'adarmu ta alkunya ta riga ta tsara wanda yake kiran sunan wani da wanda ba ya kira: uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, mace tana ce wa mijinta Malam ko Alhaji ko Maigida, suruki yana tsugunawa ya gai da surukinsa ba ya haɗa ido da shi, jika kuwa yana tsokanar kakarsa yana kiranta matarsa. Saboda haka ranar da matar da ta yi shekara ashirin tana cewa Malam ta tsaya a tsakar gida ta kira mijinta da sunansa na yanka a gaban 'ya'ya, marubuci ba ya bukatar ya gaya mana cewa aure ya tsage, mun riga mun ji. Hanyar gwaji ita ce a ɗauki shafi ɗaya na hira, a shafe sunayen masu magana, a karanta wa mahalarta. In suka kasa rarrabe maganar tsohuwa da ta jikarta, ko ta direban mota da ta limami, to duk taurarin da bakin marubuci suke magana, sai a koma a sake. Haka kuma wanda ya kawo Basakkwace ko mutumin Damagaram cikin labarinsa, ya wajaba ya saurari mutanen can da kunnensa, ya ɗauki kalma biyu ko uku da karin harshe kaɗan, kada ya cika shafi da su har ya mayar da mutum abin dariya. Aikin gida a wannan mako shi ne kowa ya je inda tauraronsa yake sana'a, ko majema ce ko tashar mota ko ɗakin haihuwa, ya nemi izini ya zauna, ya rubuto kalmomin da masu sana'ar suke amfani da su a tsakaninsu.

Darasi na huɗu ya fi kowanne nauyi a zuciya, shi ne yi wa mugu adalci. Littattafanmu cike suke da kishiyoyi da uwayen miji waɗanda ba su da wani aiki daga safe zuwa dare sai zuwa wurin boka, kamar an halicce su ne don su cuci tauraruwa kawai. Jagora ya sa kowa ya rubuta shafi biyu da bakin mugun labarinsa, yana ba da labarin yadda shi yake ganinsa. Uwar mijin nan, watakila mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗan shekara biyar, ta yi shekaru tana tashi tun kafin kiran assalatu tana suyar ƙosai don ta biya masa kuɗin makaranta, yau ya kama aiki, sai ga wata yarinya ta shigo, shi kuwa ya rage zuwa gaishe ta. Wannan bai halatta mata zalunci ba, amma ya bayyana mafarinsa, kuma marubucin da ya san mafarin zai rubuta ta da tsoron Allah, mai karatu ya ƙi aikinta yana kuwa gane ta, watakila ma ya hango kansa a cikinta. A tuna cewa masu karatun Ruwan Bagaja suna tunawa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kamar yadda suke tunawa da Alhaji Imam, domin an ba shi wayo da kaifin baki daidai da na abokin karawarsa.

Ya kyautu kowane marubuci ya buɗe wa kowane tauraro shafi a wani littafi na dabam, ya rubuta shekarar haihuwarsa, da garinsu, da danginsa, da sana'arsa, da abin da yake jin kunyar a sani game da shi, don kada yaron da aka haifa a babi na uku ya shiga jami'a a babi na bakwai alhali ƙanwar uwarsa tana nan da cikin da take ɗauke da shi tun farko.

Game da ginin labarin kansa, abu biyu zan ambata. Na farko, mahalarta su sa ido a kan mafita ta sauƙi, wato haɗarin mota da yake kawar da kishiya a daidai lokacin da ake bukata, ko gadon da yake faɗowa daga wani kawu da ba a taɓa ambata ba, ko mafarkin da yake tona asiri. Mun yi imani da ƙaddara, amma a cikin littafi marubuci ne yake tsara sababi, kuma wajibi ne ƙarshen tauraro ya tsiro daga abin da hannunsa ya shuka a babukan baya. Na biyu shi ne mas'alar faɗakarwa. Ina cikin masu ganin cewa labari yana da haƙƙin gyara tarbiyya, kuma magabatanmu da wannan niyya suka yi rubutu, sai dai in marubuci ya tsayar da labari ya shiga wa'azi da bakinsa shafi uku, mai karatu tsallakewa yake yi ya nemi inda labari ya ci gaba. Nasihar da take zama a zuciya ita ce wadda mai karatu ya ciro da kansa daga abin da ya sami mutanen da ya riga ya ƙaunata.

Ƙa'idojin rubutu, kamar raba kalmomi da haɗa su, da sa ƙugiya a haruffan da suke da ita, da alamomin tsayawa, a bar su sai zaman ƙarshe na kowane rubutu, kowa ya yi alama a takardarsa ya miƙa wa mai shi, don kada a ɓata lokacin zama a kan waƙafi a babin da watakila za a soke shi gaba ɗaya.

Bayan an tashi, marubuci ya tattara takardun ya ajiye su mako guda bai duba ba, har zafin suka ya huce, sa'an nan ya karanta su a natse. Ba kowace shawara ce zai ɗauka ba, littafi nasa ne. Amma in mutum huɗu ko biyar da ba su haɗa baki ba suka yi tuntuɓe a wuri guda, lalle akwai dutse a wurin, ko da maganin da suka ba shi bai dace ba. Jagora kuwa ya sa masa ranar da zai dawo da babin a gyare, a sake karanta shi gefe da gefe da na farko, domin zaman da ba a dawo da gyara a cikinsa hira ce kawai.

Ya kai mai karatu, in kana da rubutu a ajiye kana shirin kai shi maɗaba'a, ko kina da babi a waya kina shirin sakinsa a daren nan, ina roƙo a dakata tukuna. A nemi mutum biyar masu irin wannan himma a unguwa ko a makaranta, a nemi wani malamin Hausa ko tsohon marubuci ya zama jagora, a tsayar da rana da wuri, kowa ya zo da shafi goma na rubutunsa.